Ƙafar Keken Baba da Firam Mai Sifirin

Daga baƙin keken Baba, ƙafar baya ce kaɗai ta yi saura. Firam ɗin ya karye tun da daɗewa, aka ba 'yan gwangwan, amma ƙafar tana rataye a zaurenmu na Rano, ana share mata yanar gizo kamar hoton kaka. Giyarta uku duk a ɓoye suke cikin cibiyar ƙafar, sai wata 'yar sarƙa da ke leƙowa daga gefe. Baba yana cewa keken da ke baje giyarsa a waje kowa na gani ba shi da tarbiyya.

Daminar da nake ba da labari, idanunsa sun riga sun tafi, bayansa kuma likita ya ce kada a kuskura a jijjiga shi. Shi kuwa ya kafe sai ya je gonarsa ta wajen Kahu ya taɓa dawar da hannunsa kafin a yanke. Mota ba ta shiga wannan hanya. Na ce babur, ya ce babur ba ya gaisuwa, mutum ya wuce surukinsa kamar an koro shi.

"A kan ƙafata zan je," in ji shi, yana nuna bangon da ba a can take rataye ba. "Kai wannan, ka nemo mata jiki."

Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na ga alamar in bai je bana ba, ba zai ƙara zuwa ba.

A waya na ga irin kekunan hawan dutse masu sifirin gaba da baya, waɗanda mutum ke dirowa da su daga kan tsauni ya sauka yana murmushi. Na ce to ga maganin bayan Baba. Na naɗe ƙafar a tsohon zani na shiga motar Kano da ita a cinya, wata tsohuwa a gefena tana ta yi mini sannu da jinya.

Sai dai ban san yadda ake auna firam da nauyin mutumin da aka baro a gida ba. Da na isa kasuwa na sayi gero, na sa aka yi ta ragewa daga buhun har na ɗaga na ji daidai yadda nake jin Baba in na ɗauke shi zuwa bayi. Da wannan buhu na zagaya rumfunan 'yan gwanjo. Duk firam ɗin da na gani sai na ɗora masa buhun, na danna, na saki, na kasa kunne. Kafin azahar 'yan kasuwa sun gane, suna matsar da benci suna cewa a ba Baba wuri ya zauna. Wani har ya tambaye ni ko Baba zai sha ruwa. Haushi ya kama ni, amma ni na jawo.

Wani dattijo mai rumfa a can ƙurya ne ya ɓata mini lissafi. Ya juya ƙafar, ya leƙa cibiyar, ya ce, "Malam, wannan ƙafa da waɗannan firam ba sa zama gida ɗaya. Ita tana son sarƙa ta tsaya yadda aka ɗaure ta. Su kuma duk ramin da aka faɗa sai su miƙe su lanƙwashe, sarƙa ta yi tauri ta saki. Sai dai ka ɗauki wanda gaɓarsa ke kusa da feda, shi ya fi dama-dama."

Na ɗauki wanda gaɓarsa ke kusa da feda, ja ne kamar gauta, da wani ƙaton sifirin a tsakiya. Na danna shi da buhun ya lotsa a hankali ya dawo a hankali, kamar katifar amarya. Na dawo Rano ina jin kaina wani injiniya.

Da aka haɗa, na ɗora Baba na ainihi a kan sirdi na tura shi zuwa bayan gari don gwaji. Keken bai jijjiga shi ko kaɗan ba. Shi ne abin da ya tayar masa da hankali.

"Ina muke?"

"Bayan masallaci, Baba."

"Ƙarya ne. Bayan masallaci akwai tsakuwa. Wannan kwale-kwale ka saka ni." Ya ce jiri yake ji, ya ce a sauke shi kafin mu nutse. Sarƙar ma ta goyi bayansa, duk ɗan tudun da muka hau sai ta zame ta kwanta a ƙasa. Na ce a raina sabo ne, zai saba.

Saura abu ɗaya. Masu ƙera irin wannan keke ba su san ana goyo ba, babu kariya, wato mazaunin baya, babu ko inda za a ɗaura ta. Na kai wa mai walda na bakin tasha, mutumin kirki mai yawan fara'a, na ce ya manna mini kariya a bututun sirdi kawai, kada ya taɓa komai. Na maimaita masa. Ya ce an gama.

Washegari da hantsi na je na tarar da shi yana washe baki. Kariya ta zauna daram. Sifirin kuwa babu shi, wani guntun rodi ne a gurbinsa, kuma kowace gaɓa ta firam ɗin an narka mata ƙarfe an shafe da baƙin fenti. Sifirin ɗin gaba ma bai tsira ba.

"Malam, cutar ka aka yi a Kano," in ji shi. "Karyayye suka ba ka, ko'ina motsi yake. Na ce ba za a ɗora Baba a kan wannan ba ina raye. Kyauta na yi maka, kada ma ka yi godiya."

Na ga sifirin ɗina a ƙarƙashin kujerarsa, ya riga ya mayar da ita mai lilo. Mutum ya yi maka ɓarna don Allah, ina za ka kai ƙararsa? Na danna keken da dukkan ƙarfina, ko gezau, kamar na danna turmi.

A gida na tarar da Baba zaune a zaure cikin farar rigarsa ta Juma'a da hula, tun asuba yake jira. Ban iya ce masa a fasa ba. Na naɗa bargo a kan kariya, na ɗora shi, na yi bismilla.

Muna barin kwalta keken ya fara dukanmu. Haƙorana suna haɗuwa, ina jin kowane dutse har tsakar kaina, zuciyata kuma tana kan bayan Baba. Sarƙar dai ko sau ɗaya ba ta faɗi ba, cibiyar tana ƙas-ƙas ɗinta na da. Sai na ji muryar Baba a bayana.

"Fakon gidan maƙera ke nan." Muka ƙara gaba, ƙafar ta faɗa wani rami. "Burtali. Rage giya, akwai hawa." Da muka gangara kwazazzabo ya yi sallama da ƙarfi, sai ga amsa daga cikin masara, wani tsoho ne da ya ce tun yaushe rabonsa da jin wannan ƙas-ƙas.

A gonar bai daɗe ba. Ya shafa kan dawa, ya murza ƙwaya ya kai hanci, ya ce ta yi, mu tafi. Na dube shi, na tuna buhun gero da 'yan gwanjo, na ɗora shi a kan kariya.

Ya ce mu koma ta hanyar ƙasa, wadda yake bi da yamma. A can akwai wata tsamiya da saiwarta ta ratsa hanya, kauri kamar cinyar mutum. Na hango ta, na karkata ta cikin ciyawa na zagaye ta lafiya lau. Sai ya taɓa kafaɗata.

"Kai wannan, ka kauce wa saiwar."

"Saboda bayanka, Baba."

"Koma ka taka ta. Babarku ba ta riƙe ni a hanya, kunya take ji. Nan ne kaɗai take kama rigata."

Rabonmu da babarmu tun ina saurayi, da Allah ya yi mata rasuwa. Na juya keken, na koma baya sosai don mu sami gudu, na nufi saiwar. Da ƙafar baya ta doke ta, na ji hannunsa ya damƙe rigata ta baya, bai kuma saki ba har muka hau kwalta.