Ranar da Dasaura Ya Zama Injin Motarsa

Ɗan kawuna Dasaura bai taɓa cika tankin mota ba tunda uwarsa ta haife shi. Sunan ma a nan ya samo shi. Ko allurar mai ta kwanta ta yi sujada, ko jar wuta ta kama har ta gaji, in ka ce masa, "Malam, mai fa ya ƙare," sai ya ƙwanƙwasa gilashin da farce ya ce, "Da saura." Abin haushin kuma, sau da yawa da sauran. Tsohuwar motarsa ta san halinsa. In ta tsaya sai ya fita ya jijjiga ta, ya busa mata kabureta, ya tofar da man da ya shiga bakinsa, ta tashi tana tari. Mutumin nan da warin fetur kaɗai yana iya kai ka unguwa ya dawo da kai.

Sana'arsa dakon 'yan tsaki. Yakan ɗauko su daga gidan ƙyanƙyasa cikin kwalaye masu huji, ya kai wa masu kiwon kaji. Ɗan tsako kuwa ba dankali ba ne. Zafi kaɗan ya buɗe baki, zafi da yawa ya miƙe ƙafa. Shi ya sa direban 'yan tsaki da kunne yake tuƙi: muddin suna tsiwu-tsiwu a baya, lafiya lau, in suka yi shiru, to ka fara salati.

Tsohuwar motar ta yi ta macewa a tsakiyar rana, 'yan tsaki suna bin ta. Masu kaji suka zame ɗaya bayan ɗaya, har ya rage masa mutum guda: Hajiya mai kaji, wadda ke da gona a bayan gari, mace ce da ba ta maimaita magana. Ran da ya kai mata kwalayen da rabin 'yan tsakin ciki ba sa motsi, ta dube shi daga hula har silifa.

"Dasaura, albarkacin mahaifiyarka ka ci yau. Ka sake kawo min mushe, ko a hanya ka gan ni kada ka gaishe ni."

Ya koma gida ya kasa cin abinci. In Hajiya ta sallame shi, babu sauran ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Washegari ya sayar da tsohuwar wa masu gwangwan, matarsa ta haɗa masa da keken ɗinkinta tana share hawaye da bakin mayafi, ya nufi wurin wani dillali da aka ce yana da mota mai lantarki, ta hannu, mai sauƙi, wadda ba ta san hanyar gidan mai ba.

Garejin dillalin a kan tudu yake. Motar 'yar ƙarama ce, fara, fentinta ya ɗan koɗe kamar rigar gado. Dasaura ya zagaya bayanta ya durƙusa yana leƙe.

"Ina salansa?"

"Ba ta shan taba, ranka ya daɗe."

Suka shiga gwaji, suka bi gangara. Shiru kamar ɓarawo a ɗakin surukai. Ga esi kuma, sanyi har cikin haƙori. Dasaura ya tuna 'yan tsaki, zuciyarsa ta yi fari. Sai ya ga ma'aunin batir, maimakon ya sauka, ya ɗan ƙaru.

"Kai! Me nake gani?"

"Haka take. In tana gangara cikin giya, tafiya take tana haihuwa." Dillalin ya gyara murya, ya faɗi gaskiyarsa guda ta wannan shekarar. "Amma batirinta ya ga jiya. Ka cika ta dam kafin ka fita. Wannan in ta ce babu, to babu ne."

Dasaura ya yi dariya har da buga sitiyari. Shi za a koya wa babu?

A gidan haya yake zaune, hawa na sama. Sai da ya haɗa wayoyi uku ya zuro ta taga kafin ta kai motar, kafin azahar kuwa maƙwabciya ta shanya zanen goyo a kai. Ranar da zai yi wa Hajiya dako na farko da sabuwar, ya sauko da sassafe ya kama filogi zai zare. Matarsa ta leƙo ta taga.

"Baban yara, rabi fa ta nuna."

"Rabi ai dukiya ce. Da rabin tanki sai in je bangon duniya in dawo."

"Dillalin ya ce ka cika."

"Ke, duk mota maƙaryaciya ce. Tana ɓoye na gobe a ƙasan ciki."

Ya zare. Har tsohon galan ɗinsa na neman mai ya jefa a but, don sabo.

Ya ɗauko kwalayen ya jera su a kujerar baya, ya kunna esi, 'yan tsaki suka kaure da surutu kamar kasuwa. Da ya iso babbar gangarar da ke bakin gari, hannunsa da kansa ya zare giya ya sa firi, yadda ya saba tun yana ƙaramin direba don tattalin mai. Motar ta sulala har ƙasa. Ya dubi ma'auni yana jiran haihuwa. Ko ɓari ba ta yi ba. Haihuwar sai cikin giya, an gaya masa, amma kunnen da ya shekara yana sauraron kansa ba ya jin dillali.

Daga nan hanya ta miƙe, fili fetal, rana ta take. Ma'aunin ya fara zuba kamar buhun da ɓera ya huda. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. "Da saura," ya ce, amma muryar ba tasa ba ce. Can sai hoton wani ɗan kunkuru rawaya ya bayyana a allon gaban sitiyari, alamar batir ya kusa ƙarewa. Ya taka totur har ƙasa, motar ta ci gaba da rarrafe. Wani mai keke da buhu a baya ya wuce shi, har da ɗaga masa hannu.

Ya tsaya gaban rumfar wani mai faci. Ya fita ya jijjiga motar. Ya buɗe gaba yana neman abin busawa, bai ga komai ba sai wayoyi masu ruwan lemo. Ya ɗauko galan, ya tsaya da shi a hannu kamar wanda ya zo ta'aziyya gidan da ba a yi mutuwa ba.

"Maigida, a galan za ka auno mata wutar?" in ji mai faci.

"Don Allah kana da soket?"

"Ni da famfon hannu nake aiki. Ko wayata a gari nake caji."

Dasaura ya koma ciki. Daga nesa yana hango tankin ruwan gonar Hajiya, ƙarami kamar kan ashana. Ya lura duk sanda esi ya yi gurnani, ma'aunin sai ya motsa. Ya kashe esin, ya sauke gilasai, ya ci gaba da rarrafe. Iskar da ke shigowa kamar daga bakin murhu. Surutun baya ya fara raguwa. Ya ragu. Ya koma tsiwu ɗaya nan, ɗaya can. Ya waiwaya ya ɗaga murfin kwali: duk sun buɗe baki, fikafikai a saki, wani ya jingina da ɗan'uwansa yana lumshe ido.

A zuci ya ga fuskar Hajiya. Ya ga gurbin keken ɗinki a ɗakinsu, inda ƙafafunsa suka bar tabo huɗu a leda. Abin da ya rage a batirin nan ba zai ja mota ya kuma sanyaya ta ba. Ko ya isa da gawa, ko ya tsaya da masu rai a inda ba kowa.

"Ya Allah," ya ce, "ko su, ko taya."

Ya ɗaga gilasai, ya mayar da esi, ya sa motar a firi. Ya fita ya bar tagar direba daidai shigar hannu, ya tuɓe rigarsa ya cusa a sauran kafar don kada sanyi ya tsere. Hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikin ƙofa, ya fara turi.

Jama'a, ba a taɓa ganin irin wannan ba. Ƙato da singileti yana nishi a rana, 'yan tsaki a ciki suna shan sanyi kamar manyan baƙi. Kwalta ta cinye silifansa ɗaya, ya bar mata. Gumin da ya zubar a hanyar nan, an ce har ciyawa ta tsiro. Masu wucewa suna rage gudu.

"Direba, fasinjojin su sauko su taya ka mana!"

Ya ƙara danna kafaɗa a ƙofa. Kunnensa na manne da gilashi. Tsiwu ɗaya. Biyu. Can kasuwa ta sake ci. Ya fashe da kuka yana turi, yana yi musu magana. "Ku yi ta surutu, 'ya'yana. Ku zage ni ma in kuna so. Kada dai ku yi shiru."

Harshensa ya zama kamar tsumma. Sau biyu yana faɗuwa, motar ta tsaya ta jira shi. Tankin Hajiya ya girma daga kan ashana ya zama tukunya, ya zama ɗaki. Daidai ƙofar gonar esin ya yi wani dogon numfashi ya mutu, allon ya yi baƙi. Dasaura ya sulale ya kwanta a gefen taya.

Hajiya ta fito da kanta. Ta tsallake ƙafarsa, ta buɗe ƙofar baya, sauran sanyi ya bugi fuskarta. Ta ɗaga murfin kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina ƙananan kawuna rawaya, suna ihu suna neman ruwa. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta dubi abin da ke kwance a ƙasa, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Su kam sun iso da rai. Mushen a waje yake." Ta sa aka kawo masa ruwa, aka jawo waya daga ɗakin ajiyar abincin kaji aka soka wa motar. "Mako mai zuwa ina da wasu. Kuma motar nan ba za ta bar gonata ba sai ta cika, ko da za ka kwana da kaji. Tashi ka shigar min da kwalayen. Ko ba sauran ƙarfi?"

Dasaura ya buɗe baki. Kalmar da ya rayu a kanta ta zo har bakin leɓe. Ya dubi motar, ya dubi ƙafarsa da ta yi bororo.

"Babu, Hajiya," ya ce. "Wallahi babu."