Ban Ruga Ba, Malam Umaru

Shekara goma ke nan cif da rasuwar Malam Umaru, wanda masu kallon ƙwallon ɗalibai a Garwa suka sani da Arbit Umaru, wato alƙalin wasa Umaru. Shekara goma sha shida kuma ke nan da wasan da ya raba shi da usur ɗinsa. Ni ne Sale, wanda ya riƙe masa tuta a gefen fili ran nan. Duk shekara idan wannan wata ya kama, nakan je gidansa a yi masa addu'a, in zauna a tabarmar gaba, wurin aminai. Bana na ga ba zan iya sake zama a kan wannan tabarma ba sai na faɗi abin da zan faɗa a nan. Karatuna bai yi nisa ba, daga firamare na koma mayanka wajen yayana, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna.

Malam Umaru malamin motsa jiki ne a wata lise, wato makarantar sakandare. Ɗan Maruwa ne, haifaffen unguwar Dougoï, aiki ya kawo shi Garwa har ya yi aure ya zauna. Shi ya gan ni ina yi wa 'yan unguwa alƙalanci da usur ɗin roba, ya kira ni ya ce in riƙa zuwa gidansa bayan la'asar. Littafin dokokin ƙwallo da Faransanci yake, ni kuwa Faransancina na kasuwa ne. Ya zauna ya warware mini shi da Hausa, doka bayan doka, yana zana fili a ƙasa da tsinke. Da wasu suka yi dariya wai mahauci zai riƙe tuta, sai ya ce musu ai wanda ke raba naman sa gida huɗu ba a yi gardama ba, ba zai kasa ganin layi ba.

Akwai abin da yake maimaita mini kafin kowane wasa, ko da mun yi wasa ɗari tare. "Sale, idan ƙwallo ta shiga raga zan dube ka. In ta shiga da kyau, ka ruga zuwa tsakiyar fili. In akwai matsala, ka tsaya inda kake. Ba sai ka yi magana ba, ƙafarka kawai zan duba." Haka masu tuta ke yi ko'ina, amma shi ya ɗauki abin kamar alkawari tsakanin mutum biyu.

Wasan da nake magana na ƙarshe ne a gasar manyan makarantu, ɗaliban Garwa da na Maruwa, a filinmu. Shi aka ba usur saboda ɓangarorin biyu duk sun yarda da shi: a can aka haife shi, a nan yake zaune. Ba wanda ya tambaye ni ko ina da wani a cikin 'yan wasa, ni ma ban faɗa ba. Nasiru, ɗan yayana Alhaji Garba, yana cikin masu tsaron bayan Garwa, kuma shi ne na farko a zuriyarmu da ya kai babbar makaranta. Mahauta sun tashi aiki da wuri suka zo gayya guda. Filin ba shi da shinge, igiya ce kawai aka ja, kuma a bayana suka tsaya, kusa har ina jin numfashinsu a ƙeyata.

Garwa na gaba da ci ɗaya, saura 'yan mintoci a tashi. Wani ɗan bayanmu ya ruɗe ya mayar wa mai tsaron gida ƙwallo da ƙafa, shi kuma ya kama ta da hannu. Doka ta hana haka. Malam Umaru ya busa, ya ba Maruwa bugun tazara a cikin da'irar gidanmu, ya ɗaga hannunsa sama ya bar shi a miƙe. Wanda ba ya kallon ƙwallo ya gane wannan: ɗaga hannun yana nufin ba a cin irin wannan bugu kai tsaye. Sai ƙwallo ta taɓa wani ɗan wasa, ko na wane ɓangare ne, sannan in ta shiga a ƙirga. In ba ta taɓa kowa ba, ba ci.

'Yan Garwa suka jeru a bakin raga kafaɗa da kafaɗa. Ɗan wasan Maruwa ya narka ta da ƙarfi cikin jikinsu, ta wuce ta faɗa raga. Daga inda Malam Umaru yake, mutane sun tare masa gani. Daga inda nake, ba abin da ya tare ni. Na ga ta shafi kafaɗar Nasiru, na ga rigarsa ta motsa, na ga ƙwallo ta ɗan karkace. Ci ne mai kyau.

Malam Umaru ya juyo ya dube ni.

A bayana na ji muryar Alhaji Garba, ba da ƙarfi ba. "Sale, yi a hankali. Gida fa za ka koma." Kada in ƙara ƙarya a kan laifina: ba wanda ya nuna mini wuƙa, ba wanda ya ce zai taɓa ni. Abin da na hango shi ne gobe da safe a mayanka, ni da mutanen nan a kan kankare ɗaya, da Nasiru ana nuna shi ana cewa kafaɗarsa ce ta kayar da gari, baffansa kuma ya tabbatar. Na dasa ƙafata na tsaya. Malam Umaru ya sake dubana, ya ɗan jira, kamar yana ba ni dama. Ban motsa ba. Ya busa ya ce ba ci.

Ɗaliban Maruwa suka kewaye shi, wani da Faransanci, wani da Fulatanci, suna nuna masa kafaɗarsu. Bai ja da baya ba, bai kuma nuna ni ba. Da aka tashi wasa wani dutse ya same shi a gira, 'yan sanda suka fitar da shi jini na zuba a rigarsa. Ni kuwa mahauta suka ɗauke ni a moto, wato babur, ana ta buga oda har unguwa.

Da abin ya tsaya nan, da na ce tsoro ne na minti ɗaya. Amma akwai wani mai ɗaukar bidiyon bukukuwan aure da ya tsaya bayan raga da kyamararsa. Hoton ya nuna taɓawar sarai, sai dai bai kama gefen da nake ba. Maruwa suka shigar da ƙara, aka kira mu gaban kwamitin alƙalai. Na yi kwana tara ina da damar tunani. Shugaban zaman ya tambaye ni ko na ga taɓawar. Na ce na gani. Ya ce to me na yi. Na ce, "Na ruga. Shi ne bai dube ni ba."

Aka juya wajen Malam Umaru, da filasta a girarsa. Ya ce, "Usur a bakina yake. Hukuncin nawa ne." Aka cire sunansa daga jerin alƙalai. A bakin ƙofa ya tsaya ya jira ni. Ya ce, "Sale, tsoro ne ko?" Na kasa ɗaga kai. Ya ce, "To, je ka gida."

A Maruwa magana ta bazu cewa ɗan Dougoï ya sayar da garinsu. Da ya je ta'aziyyar mahaifiyarsa, an ba ni labari, masu moto in sun wuce ƙofar gidan sai su yi fito da baki irin na usur. Ya nemi a sauya masa wurin aiki, aka tura shi garin Tcholliré, inda ba wanda ya damu da ƙwallon ɗalibai. Ni kuma aka ɗaga ni na zama alƙalin tsakiya, daga baya mai koyar da sababbin alƙalai. Da kalmominsa nake koyarwa, har da zanen fili a ƙasa. Da ciwo ya dawo da shi Garwa, sau uku ina zuwa da niyyar neman gafara, sau uku ina ɓata lokacin da hirar tsadar shanu. Ya rasu ban faɗa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga ƙwallon yau. A manyan wasanni alƙali na zuwa ya duba allo kafin ya yanke hukunci. A wasannin ɗalibanmu ba allo, amma kowane ɗan kallo da waya a hannu, kafin alƙali ya cire takalmi hotonsa ya kai Maruwa ya dawo. Dokar taɓa ƙwallo da hannu kuma an juya ta har mu masu koyarwa mukan yi gardama a kai. Ina jin zai so allon, don shi ba ya jin kunyar a gyara masa kuskure. Amma zai ce allo yana nuna inda ƙwallo ta bi ne kawai, ba ya cire wa mai tuta tsoron yayansa. Ni dai na sani, da akwai wayoyin nan a lokacin, da an kama ni tun kafin magariba, kuma da hakan ya fi mana alheri mu duka.

Abin da ya ture ni bana 'yarsa ce, Asma'u. Tana ƙarama aka yi wasan. Yanzu ta gama jami'a a Maruwa, ta dawo ta shiga ajin sababbin alƙalai, ajin da nake koyarwa. Wata rana bayan darasi ta tsaya har kowa ya fita. Ta ce, "Kawu Sale, shekara huɗu na yi a can ana ce mini 'yar wanda ya sayar da wasa. Kai kana wurin. Da gaske Baba bai dube ka ba?" Na ce mata abin ya daɗe. Ta ce to, ta ɗauki jakarta.

Mako biyu ina juya maganar, sannan na je gidansu na faɗa mata a gaban mahaifiyarta. Na ce ya dube ni sau biyu, ni ne na tsaya, ni ne kuma na yi masa ƙarya a gaban kwamiti. Mahaifiyarta ba ta ko ɗaga kai daga tsintar shinkafarta ba. Ta ce, "Ya gaya mini tun ranar. Ya ce in bar maganar, wai kai a cikin danginka kake zaune, shi baƙo ne, zai iya tashi." Wato duk shekarun nan matar nan tana shimfiɗa mini tabarmar gaba tana sane.

Asma'u ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Kawu, ba a tsakar gidan nan aka ɓata shi ba. Ka je ka faɗa inda mutane za su ji."

Ga shi na faɗa. Mutanen Maruwa, cinku mai kyau ne, kuma ɗanku bai sayar da ku ba. Na kai wa kwamiti takarda na ajiye koyarwa, na roƙa a gyara abin da aka rubuta a kan sunansa. Alhaji Garba ya tsufa, na gaya masa zan rubuta, ya ce shi bai tuna ya ce mini kome ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Ƙafar tawa ce.

Malam Umaru bai bar gida na kansa ba, ko kofi ɗaya ba shi da shi. Amma ran Asabar na je kallon wasan ɗalibai mata da aka ba Asma'u ta busa, na tsaya bayan igiya cikin jama'a. Ta ba da irin wancan bugu, ta ɗaga hannu ta bar shi a miƙe, 'yan kallo na zaginta ta kowane gefe, ba ta sauke ba sai da ƙwallo ta taɓa wata. Sannan ta juya ta dubi mai tutarta. Da aka tashi ta wuce ta gabana, na gaishe ta, ba ta amsa ba. Ban ga laifinta ba.

Allah ya jiƙan Malam Umaru, ya haskaka kabarinsa. Ya dube ni. Ni ne ban ruga ba.