Jitar da Baba Tsoho Bai Saya Ba

A gidanmu na unguwar New Bell a Duwala, zamanin da Faransawa ke riƙe da ƙasa, ruwan sama ne ke tara mu. Da zarar ya fara dukan kwano bayan magariba, sai mu jikoki mu dunguma ɗakin girkin kakarmu, Inna Dije, mu kewaye murhu tana gasa mana agada. Mijinta, Baba Tsoho tela, yana zama bakin ƙofa da carbi, wai shi ba sauraro yake ba.

Tana da tatsuniyoyi barkatai, amma wadda muka fi nacewa ba tatsuniya ba ce, labarin mijinta ne. Takan buɗe da cewa, "Ga ta nan tafe, kuma mai ita yana jinmu." Shi kuwa sai ya yi gyaran murya ya kau da kai.

Baba Tsoho ya zo Duwala daga Garwa yana saurayi. Can gida makaɗin molo ne, a nan kuwa dako ya samu a tashar jiragen ruwa. Ya yi shekaru yana sungumar buhunan koko har bayansa ya fara ƙi, ga amarya, ga ciki. Sai ya tattara abin da ya adana, ya nufi unguwar Akwa don ya sayi keken ɗinki. In bai sayo ba, Inna ta ce, dako zai koma har ya karye.

Jikin kantin keke akwai na wani Bagirke mai sayar da garmaho da faya-fayai. A bango an rataye jita, ja, tana sheƙi.

"Wai kallo kawai zai yi," in ji Inna. "Kallo da hannu, angona, ka taɓa ji?" Ni take tsokana, ni ne angon nata.

Ya sauke ta, ya ɗaure tsirkiyoyi uku irin na molo, ya fara kaɗawa. Masu wucewa suka tsaya. Wani ɗan dako ya ajiye kayansa ya shiga rawa. Kafin Baba Tsoho ya ankara bakinsa ya riga shi, ya taya.

Mu yara ma mun san nauyin wannan. A wurin mutanenmu, in ka taya kaya aka sallama maka, ciniki ya faɗa. Wanda ya janye, ba mai ƙara kallonsa da mutunci a kasuwa, kuma ga Hausawa biyu 'yan goro tsaye a ƙofa. Allah ya taimake shi Bagirke ya ce "Non," wato bai sallama ba. To amma jitar ta daɗe a bango, damshin Duwala ya fara cin ta, sai mutumin ya shiga ragewa da kansa. Ya rage, ya ƙara ragewa, yana matsowa kusa da tayin.

"Kun taɓa ganin mai saye yana gumi don ana masa rangwame?" Nan Inna takan yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. "Ƙafarsa ta ƙi fita, bakinsa ya ƙi cewa a'a."

Sai dabara ta zo masa. Ya ce, "Patron, ni tsirkiya uku nake kaɗawa. Cire sauran ukun ka riƙe abinka, ka ba ni a rabin abin da na taya."

Bagirke ya yi jajir. Ya fizge jitarsa yana "Allez, allez! Sortez!" har ya tunkuɗo shi waje. 'Yan goro suka sheda mai kaya ne ya fasa. Da la'asar sai ga Baba Tsoho da keke a ka.

"Ba tunkuɗo ni ya yi ba," yakan ce daga bakin ƙofa. "Rakiya ce."

"Rakiya da ƙeya!" in ji Inna. "Ƙurunƙus, ku ɗauki agadarku kada ta ƙone."

Ina yaro na ɗauka darasin shi ne wayo. Da na girma na ga ba haka ba ne. Mutumin ya san zuciyarsa ba za ta iya ƙin abin ba, shi ya sa ya nemi a kore shi, ya zaɓi a yi masa dariya. Wannan keken ya ciyar da mu, ya kai ni makaranta. Ina son tsohon nan fiye da yadda na taɓa faɗa masa.

Bayan rasuwarsa na tambayi Inna me za ta yi da ya dawo da jitar. Na zaci za ta ce yaji. Ta daɗe tana juya garwashi.

"Da na yi masa faɗa wata guda," ta ce. "Sannan in shimfiɗa tabarma in zauna. Ka san duk zamanmu ban taɓa jin kiɗansa ba?"