Baba da Jirgin da Ba Ya Tafiya

Shekarar da hankalin Baba ya fara gushewa ne aka kafa wani kan jirgi na ƙarfe a filin da ke kusa da gidanmu a Tudun Wada. Wasu masu ƙira ne suka harhaɗa shi da tsofaffin ƙarafunan reluwe, don tunawa da zamanin jirgin ƙasa. Kowa na iya hawa. Akwai hannun da in ka murɗa sai ƙafafun su yi ta juyawa a wuri ɗaya, da igiyar da in ka ja usur ya tashi.

Baba tsohon direban jirgi ne. Ranar da ya jiyo usur ɗin daga zaure, sai ya lalubo tsohuwar hularsa ta aiki, ya ce ya makara. Tun daga nan kullum da safe can yake tafiya.

'Yan acaɓan da ke jiran fasinja a bakin filin suka samu abin nishaɗi. Sai su jeru a bayansa su ce Kafanchan za su, shi kuwa ya yi ta murɗa hannun nan cikin rana, gumi na zuba, suna cewa ya ƙara wuta, suna ɗaukarsa a waya. In na je tafiya da shi gida, sai ya ce mace ba ta shiga wurin direba.

Wata rana ɗayansu, wani dogo, ya kwanta a gaban ƙafafun, sauran suka ɗau salati wai Baba ya take mutum. Ina isowa na tarar ya durƙusa a ƙasa, ya cire hula, su kuma har da riƙe ciki don dariya.

Baba da ke manta ko ya ci abinci, wannan kam bai manta ba. Ya daina fita, ya daina cin abin kirki. Kullum tambayarsa ko dangin mamacin sun zo. Da abin ya ishe mu, yayana ya je ya roƙi dogon nan ya zo gida Baba ya gan shi da ransa.

Ya zo, da abokinsa biye da shi. Baba bai gane shi ba, ya ɗauka ƙanin mamacin ne. Ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Yaro, don Allah ku yafe mini. Ban gan shi ba."

Dogon ya kalli abokinsa, ya danne dariya, ya ce, "Baba, sai mun yi shawara."

Yayana ya fitar da su da mari, amma maganar ta riga ta zauna. Baba ya rasu da damina yana jiran amsa. Dogon ya zo zaman makoki, ya samu wuri a tabarma, aka kawo masa abinci ya ci. Har yau in ya gan ni a hanya yakan tsaya ya ce, "Hajiya, ina za a kai ki?"