Malam Wu da Waken Gonata

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Hamidu makwancinsa, amma duk kaka idan na ga wake ya fara bushewa a gona sai ya faɗo mini a rai. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekaru yana sakatare a meri, wato ofishin magajin gari, na wata ƙaramar komin, irin ƙaramar hukuma, tsakanin Konni da Illela, kuma gari duka Malam Wu ake kiransa.

Ga asalin sunan. Kowace arete, wato takardar doka da magajin gari ko gwamna ke fitarwa, tana farawa da wata kalmar Faransanci, Vu, ma'anarta "bisa la'akari da". Layi bayan layi ake jera manyan dokokin da suka ba mai sa hannu izini. Bakinmu bai iya furta ta ba, sai muka mai da ita "wu". Yaya kan ce wannan jerin shi ne asalin takarda, iyayenta da kakanninta. Ya kan ce 'yan majalisa a Yamai ba su san ranar da waken ƙauye irin Tajaye ke nuna ba, shi ya sa suke ara wa na ƙasa da su ikon tsara ƙananan abubuwa. Amma aro ne, kuma an faɗi aikin da za a yi da shi.

Ni dai surutun 'yan lakwal, wato 'yan boko, na ɗauke shi, sai shekarar da ruwa ya yaudare ni na yi shuka a makare. Gwamna ya riga ya fitar da ranar sakin gonaki, ranar da makiyaya ke da damar shigo da shanu su ci kara, bayan an zauna da sarakuna da manoma da makiyaya. Saura kwana goma, wakena ko bushewa bai yi ba, kuma shi ne cimar gidana ta shekara. Muka haɗu mu da abin ya shafa muka je wurin magajin gari. Mutum ne mai jin kunyar jama'a, nan take ya amince zai ƙara mana sati biyu, saniyar da ta shigo kafin nan a kama ta. Ya ce Yaya ya buga.

Ina tsaye a buron Yaya, wato ofishinsa, ya zura takarda a keken rubutu, ya buga haruffa biyu, ya naɗe hannu.

"Ranka shi daɗe, na buga wu. Mi za ni sa a gabanta?"

Ashe babu dokar da ta ba magajin gari ikon taɓa ranar da gwamna ya sa. Yaya ya tuna masa cewa takardar za ta bi ta teburin prefe, wakilin gwamnati a yankin, wanda aikinsa ne ya duba ko ta dace da doka, kuma in ta tsallake can, makiyayi na iya kai ta kotu a soke ta.

Wallahi ranar na ji haushinsa har wuya. Na ce masa a gaban mutane ya fi son takarda da 'ya'yan ƙaninsa. Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Da la'asar Yaya ya hau babur ya tafi rugar Arɗo Buba, shugaban makiyayan yankinmu, ya roƙe shi a matsayin maƙwabci. Arɗo ya yarda su fara ta gonakin yamma, su bar namu zuwa kwana huɗu. Ranar Asabar kuma sai ga Malam Wu a gonata, ya naɗe wandon buro, yana roron wake yana ƙorafin ciwon baya. Mun tsira da mafi yawansa. Ɗan abin da ya rage shanu suka cinye, kuma hakkinsu ne.

Yanzu keken rubutun nan ya zama tarihi. Takardu a waya suke yawo, kowace da hatiminta, kafin ka ce wani abu gari ya ɗauka. Na kan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai yi murna da saurin, sannan ya sa tabarau ya nemi saman takardar.

Bana ma wata ta yi yawo, wai an matso da ranar sakin gonaki. Hankali ya tashi a kasuwar Illela, manoma na faɗa, makiyaya na shirin koro shanu cikin gonaki. Na tarar da Arɗo Buba a rumfar mai shayi, ya tsufa sosai, kuma bai taɓa shiga lakwal ba. Wani ya miƙa masa waya yana nuna masa hatimi. Ya ture ta da bayan hannu.

"Bar ni da hatimi. Duba mini sama, wu nawa gare ta?"

Aka duba, ko ɗaya babu. Arɗo ya ce shanunsa ba za su motsa ba sai ya ji daga bakin prefe. Kwana biyu bayan nan aka tabbatar takardar ƙarya ce.

Yaya bai bar bene ba, bai bar garke ba. Amma ranar na koma gida raina fari, na tarar da wakena yana tsaye a gona ba abin da ya taɓa shi. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Wannan karon ma kai ka tsare mini shi.