Allon Kaka da Baffa Ya Shanye

Jiya jikana ya dafa tawada a tsakar gida, warin ƙaro da gawayi ya bugo ni, sai da na tashi na tofar da yawu. Kada ka yi mamaki, tun ina yarinya nake haka, kuma Baffana ne ya jawo mini.

Kafin zuwan Nasara ne, lokacin da Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato. Muna zaune a Batsari, Kakana kuwa magini ne da ake aikowa nema har daga Runka. Wani rani mutanen wani ƙauye gaba da Safana suka zo suna so ya yi musu masallaci mai ɗaurin guga, wato rufin da ke tsayawa da kansa, ba ginshiƙi a tsakiya da zai raba sahu. Ya karɓa, alhali yanar ido ta fara rufe masa gani. Shi da kansa ya san aikinsa na ƙarshe ke nan.

Magina a ƙasa suke zana gini da ƙafa, sauran yana cikin kai. Kaka ya ga kansa ba zai hau katanga ba, sai ya sa aka sassaƙo masa babban allo. Kullum da hantsi, lokacin da haske ya fi ƙarfi, zai zauna ya kusanto da allon har hancinsa, yana zana inda kowace azara za ta kwanta da yadda za ta ciji 'yar'uwarta. Ina kallonsa hawaye na zuba daga idon, yana sharewa da gefen rawani. In na matso ya ce, "Amaryata, ja da baya, kada ki hura mini ginin ya faɗi."

Da ya gama, ka ga gata. Kakata ta ɗinka wa allon riga da fatar akuya, ta shafe ta da man kaɗanya saboda raɓa. Aka rataye shi da igiya a tsakiyar ɗaki don gara da ɓera. Ko a wurin aiki ba a ajiye shi a ƙasa. Babana da yayansa, wato Baffa, su aka damƙa wa, kuma katanga ta tashi lafiya har ta kai wurin ɗaurin rufi.

To, shi Baffa rago ne, ga hassada. Bai taɓa yarda cewa gwanintar Kaka wahala ce ta shekaru ba, ya ɗauka asiri ne, kuma ga asirin an rubuta. Rannan da asuba ya zare allon daga fata, ya wanke shi tas cikin ƙwarya yadda ake wanke rubutun sha, ya ɗaga kai ya shanye, don kada ƙanensa ya riga shi gado. Wallahi har yanzu ina ganin baƙin da ya bushe masa a gemu. Babban mutum mai 'ya'ya, yana gyatsa yana murmushi.

Da aka kai wa Kaka allon, ya shafa ya ji danshi, ya ce, "Kai ka sha?"

"Don albarka ne, Baba."

"To, je ka ɗaura rufin."

Ya hau, ya yi ta juya azara kamar mai neman itacen girki, ya sauko. Kaka ya nemi ya sake zanawa, amma idon ya riga ya tafi, alƙalami sai yawo yake yi a kan allon. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Dole aka kafa ƙaton ginshiƙi a tsakiya aka ɗora rufi a kai.

Ranar da aka fara salla a ciki, Babana ya ja Kaka da sanda suka shiga. Yana lalube hannunsa ya ci karo da ginshiƙin. Ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ce a mai da shi gida. Bai sake taka garin ba har ya rasu.

Yanzu na tsufa, ina ganin maginan gwamnati a Safana da manyan takardu naɗe cikin kwaroron kwano. An ce inji ke buga su, in ɗaya ta jiƙe a ɗauko wata, har yara suna samun tsofaffin suna ƙunshe ƙosai. Na Kaka guda ɗaya ne tak a duniya, shi ma a masai ya ƙare.