Firintar Kongolam da Kwalin da Ban Yar Ba

Har yau ban manta da wata Alhamis a shagon Alhaji Lawal ba, nan cikin Daura. Aikina shara da fotokwafi, don karatuna a firamare ya tsaya.

Ran nan wani hedimasta ya zo daga Dutsi da takardun jarrabawar makarantarsa, yana so a buga kafin motar la'asar, domin ranar Asabar yara za su zauna. Ana cikin aiki kwamfuta ta cije, wai cikinta ya cika, ko layi ɗaya ba ta ajiyewa. Alhaji ya kira Malam Nura mai gyara.

Malam Nura ya duba ya ce, “Alhaji, tarkace ne. Duk manhajar da aka saka, fayil ɗin da ya kawo ta yana nan kwance. Kamar ka sayi firji ne ka bar kwalin a tsakar ɗaki.” Ya ce ba a shiga ma'ajiyar da kwamfuta ta keɓe wa kanta a yi ta goge-goge da hannu, tana da abin shararta. Amma waɗanda mu muka sauko da su, ana bi ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuwa ko gwangwanin madara ba na yarwa a gidana. Na ce, “Malam Nura, ni kwali sai na zazzage shi tukuna.”

“To, Hajiyar ajiya, zo ki zazzage,” in ji shi, yana dariya.

Na leƙa. Turancin bai karantu mini ba, amma a kan wani fayil na gane sunan da ke jikin firintar da nake gogewa kullum. Sai na tuna ranar da aka kawo ta daga Kongolam, can bakin iyakar Nijar. Ina shara na ji mai sayarwar yana cewa, “Wannan fayil ku riƙe shi, firintar tsohuwa ce, da wuya ku sake samun nata.” Na faɗa musu.

Alhaji ya ce, “Talatu, lokaci fa!”

“Ranka ya daɗe, minti biyu ne.”

Aka kwafe shi a filashi, aka goge sauran, wuri ya samu. Malam Nura ya ƙara da cire wasu manhajojin da ya ce ba mai taɓa su. Ashe har da ta firintar, don sunanta da Faransanci yake. Da aka zo bugawa, shiru. Hedimasta ya cire hula ya fara fifita da ita.

Na miƙa filashin. Aka sake sakawa, firinta ta yi tari sau biyu ta kama aiki. Hedimasta ya samu motarsa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku goge tarkace, amma ku fara tambayar wanda ya daɗe a wurin, ko da mai shara ce. Malam Nura har gobe in zai goge abu sai ya waiwayo ya ce, “Hajiya, an zazzage?”